Ranin da Za Mu Tafi Yaman Ni da Baba

Mahaifina manomin shinkafa ne a Gulma, kuma tsawon rayuwarsa wuri ɗaya na taɓa jin ya ce yana marmarin gani da idonsa. Ba Makka ba ce, don ya riga ya je. Yayana, babban ɗansa, shi ya kai shi hajji shekara biyar kafin abin da zan ba da labari. Gonakin ƙasar Yaman yake son gani.

Kakanmu ne ya sa masa wannan a rai. Ya tafi hajji da ƙafa tun Baba yana ƙarami, ya yi shekaru bai dawo ba. Jirgin ruwan da ya ɗauke su daga gaɓar Sudan bai sauke su inda suka nufa ba, iska ta kora su kudu, sai ga su a Yaman ba guzuri. Damina biyu ya yi yana ƙwadago a gonakin mutanen dutse kafin ya samu ya ƙarasa. Da ya dawo gida mutane labarin Makka suke so, shi kuwa da an gama wannan sai ya karkata ga gonakin nan. Wai an yanka dutse an yi masa matakala tun daga gindi har ƙololuwa, kowace matakala gona ce, an ɗaure bakinta da ginin duwatsu. Ruwan sama ya cika ta sama, ya zubo wa ta ƙasa, haka har gindi. Wai dawa tana fid da kai a inda gajimare ke wucewa ta ƙarƙashin ƙafar manomi. Wai gidajensu hawa shida ne, hawa bakwai, an zagaye tagoginsu da farar ƙasa, kuma ba wanda ya san wanda ya fara gina su.

Mutanen garinmu sun saurara, suka koma gida suka yi dariya. Mu mutanen fadama ne, in ka tsaya a bakin gari idonka ba ya cin karo da komai sai shinkafa da ruwa. Baba kaɗai ya gaskata. Tun ina yarinya nake jin yana cewa, “Tsoho ba shi ƙarya. Ni dai ina son in ga yadda sunka riƙe ruwa bisa dutse. Mu nan ƙasa shimhiɗe take, amma ruwa na gagarar mu.”

A lokacin da nake magana ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar ’yan mata a Birnin Kebbi, muna zaune a Gwadangaji ni da maigidana, shi malamin dabbobi ne. Duk muna ƙarƙashin Sakkwato a wancan zamani, kowace takarda kake nema sai ka hau mota ka je can. A makarantarmu akwai wata malamar Larabci ’yar Masar, wadda ta yi shekara huɗu tana koyarwa a Yaman kafin a kawo ta ƙasarmu. Wata rana a ɗakin malamai ta fito da hotunan ’ya’yanta tana nuna mana, sai na ga bayan yaran wani dutse mai matakala, kore shar. Na karɓi hoton na daɗe ina kallo. Na roƙe ta aro, ranar Juma’a da aka tashi na hau mota zuwa Argungu, daga nan na shiga ta Gulma.

Baba ya riƙe hoton nesa da fuskarsa, ya matso da shi, ya tashi ya fita tsakar gida inda haske ya fi. Da ya dawo idonsa ya yi ja. Ya ce, “Shekara sittin ana cewa tsohona ya zuga.”

A cikin motar komawa na yanke shawara zan kai shi. Maigidana bai yi musu ba. Ya ce in dai da mahaifina zan tafi, ya yarda, yaran kuma ƙanwarsa za ta riƙe.

Duk daminar nan shiri na yi. Malamar Masar ta zama jagorata. A bayan wani tsohon littafin rubutu ta zana mini hanya: Kano zuwa Jidda, mu yi umra, daga nan jirgi zuwa San’a. Ta ce abu mafi muhimmanci lokaci ne. Ruwa sau biyu yake sauka a duwatsun, wani a ƙarshen raninmu, wani a tsakiyar daminarmu, kuma in ya sauka kwaruruka sukan cika nan take, hanyoyin mota su tsinke, duwatsu su gangaro. Ta ce in ba tsakanin kaka da tsakiyar rani ba, kada in kuskura in kai tsoho can. Na duba na ga abin ya yi daidai kamar an auna: an gama yankan shinkafa, makaranta ta yi hutu, Baba ba shi da aikin da zai riƙe shi sai albasa.

Ta rubuta wa wata tsohuwar maƙwabciyarta wasiƙa, bayan wata biyu amsa ta zo cewa za su sauke mu. Ta lissafa mini wuraren da za mu gani. Tsohon birni mai dogayen gidaje da masallacinsa. Wani ƙauye da ke bisa kan dutse wanda sai an taka matakala ake shigarsa. Sannan can gabas, bakin hamada, kufan tsohuwar madatsar ruwa ta mutanen Saba’i, wadda Baba ya san labarin ɓallewarta tun yana rubutu a allo. Da na gaya masa ginin bakinta yana nan tsaye har yau, sai ya ajiye ƙoƙon furar da ke hannunsa ya ce, “Ke ɗiyata, kada ki yi mani wasa.”

Sau uku muka je Sakkwato ni da shi. Takardar da ya yi hajji da ita ba ta aiki a wannan tafiya, sai an yi masa fasfo sabo. Muka yi hoto, muka cika takardu, muka yi allurar rigakafi aka ba mu katinta. Na saya masa rigar sanyi mai auduga a ciki da safa, don malamar ta ce sanyin can yana ratsa ƙashi. Ta kuma ce ya ƙarfafa ƙafafunsa, ƙasar duk hawa ce. Baba ya ɗauki maganar da gaske. Kullum da safe sai ya jingina tsani a jikin babban rumbu, ya hau ya sauko, ya hau ya sauko, har sau ashirin. Maƙwabta suna leƙowa ta kan darni suna tambayar ko gero ne ya ɓace. Shi kuwa sai ya ce, “Tahiya gare ni.”

Abu ɗaya ya rage, biza. Sai an kai fasfo Kano wurin ejan mai shirya wa mutane tafiya. Ni ba ni da halin barin aji, maigidana kuma an tura su rigakafin shanu can wajen iyaka. Yaya kuwa ɗan kasuwa ne, yana da shagon yadi a unguwar Nasarawa nan Birnin Kebbi, kowane mako biyu yana Kano saro kaya, kuma ya san ejan ɗin da ya yi wa Baba aikin hajji. Na je gidansa da fasfo biyu da katin allura a cikin ambulan, na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani. Ya juya ambulan ɗin a hannunsa ya ce, “Yaman? Mi ke Yaman?”

Na ce, “Yaya, ai ka san maganar Baba.”

Ya ce, “Na sani. To, Allah shi kai mu.” Ya sa ambulan a aljihun babbar rigarsa.

Na sha komawa kan wannan zama a raina ina neman alamar da ban gani ba. Babu. Ya yi murmushi, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi yara.

Aka yanke shinkafa, aka sheƙe, aka kai rumbu. Baba ya kira maƙwabcinsa ya ba shi aron gonar albasarsa ta bakin gulbi, ya ce bana ba shi nan. Ya bi gida-gida yana sallama da neman gafara kamar yadda mai doguwar tafiya ke yi. Har Argungu ya je wurin ƙanwarsa ya yi mata ban kwana. Liman ya yi masa addu’a a masallaci bayan sallar Juma’a.

Na je shagon Yaya. Ya ce ejan ya ce mako biyu. Bayan mako biyu na koma. Ya ce ofishin bizar an rufe, ma’aikata sun tafi hutu. Hutun makaranta ya zo, ya wuce, ina zaune a Gwadangaji da akwati a ɗaure. Na je wurin shugabar makarantarmu na roƙe ta, ta yi mini ƙoƙarin da ba zan manta ba, aka ba ni hutun mako shida a tsakiyar zango, wata malama ta ɗauki azuzuwana. Na koma wurin Yaya da murna. Ya ce yanzu kuma an ce sai an aika da fasfo Ikko. Na ce in bi shi Kano mu ga ejan tare. Ya ɗaure fuska ya ce, “Ba ki yarda da ni ba ke nan?” Na ba shi haƙuri. Ni na ba shi haƙuri!

Kowace Juma’a ina Gulma ina kai wa Baba ƙaryar da aka ba ni, ban san ƙarya nake ɗauke da ita ba. Shi kuma ya ce, “Ba komi, aikin hukuma ne.” Ya daina hawan tsani da safe, don yaran unguwa sun fara kiran sa Alhaji Yaman, manya kuma in ya wuce sai su ce, “A’a, har an dawo?” Gonar albasarsa ta yi kyau a hannun maƙwabci, shi yana zaune ƙofar gida ba aikin yi. Ban taɓa ganin mahaifina zaune haka da hantsi ba.

Mako uku cikin hutun da aka ba ni, wata ranar Talata da hantsi, matar Yaya ta yi sallama a gidana. Ba ta saba zuwa ba sai da dalili. Ta ƙi zama a kujera, ta tsuguna bakin ƙofa, ta kwance gefen mayafinta ta fito da ambulan ɗina. Ta ce Yaya ya tafi shago ya aiko a ɗauko masa wata takarda a akwatinsa na ƙarfe, tana ɗaga rigunansa sai ta gan shi a ƙasa.

“Ban iya karatun boko ba,” in ji ta, “amma na ga hoton Baba. Kwana biyu ina tunani. Don Allah kada ki ce ni ce.”

Na buɗe. Fasfo biyu, katin allura biyu, da ’yar takardar da na rubuta wa ejan da hannuna, a ninke yadda na ninke ta. Na bi shafukan fasfon Baba ɗaya bayan ɗaya, duk farare, ko tambari babu. Ƙamshin turaren rigunan Yaya ya kama su. Wata uku da rabi suna kwance a Nasarawa, tafiyar ƙafa daga gidana.

Ban san lokacin da na sa takalmi ba. Matar Yaya tana kira na, ban waiwaya ba. Ban tsaya neman mota ba, da ƙafa na tafi cikin ranar nan, kuma ban ji zafinta ba. Na tarar da shi yana auna wa wasu mata biyu yadi, wani abokinsa yana zaune a benci. Ban yi sallama ba. Na ajiye ambulan bisa yadin da yake aunawa.

Ya dubi ambulan, ya dube ni. Ya ce wa matan, “Ku ɗan ba mu wuri.” Ba su tafi ba, sun dai ja baya.

Na ce, “Wane Ikko anka kai su?”

Ya ce, “Wa ya ba ki wannan?”

Na ce, “Tambayarka nike, Yaya. Wane ofishi anka rufe? Wane ejan ya ce mako biyu?”

Ya ce, “Ki rage murya, kasuwa ce nan.”

Ban rage ba. Na gaya masa Baba ya ba da gonarsa, ya yi sallama da gari, yara suna yi masa waƙa. Na gaya masa sau nawa na hau motar Gulma ina maimaita maganarsa. Na ce in ba ya son tafiyar, me ya hana shi faɗa ranar da na durƙusa a gabansa?

Sai ya ajiye almakashi. Ya ce, “To, ban so. Tsoho mai shekara saba’in za ki ɗauka ki kai bisa duwatsu cikin sanyi, ƙasar da ba mu da kowa? In ya hwaɗi can, wa za shi ɗauko shi? Ke? Mace ɗaya da littahin rubutu?”

Na ce, “Da ka faɗi haka tun farko da mun zauna mun yi magana.”

Ya ce, “Da ba ki ji ba. Ke ba ki jin magana tun kina ƙarama.”

Da a nan ya tsaya, wataƙila da yanzu na huce. Tsoro ne, kuma ni ma na ji irinsa. Amma bai tsaya ba. Ya dubi abokinsa da ke benci, kamar da shi yake, ya ce, “Ni na kai shi Makka. Duk gari an shaida. Yanzu a ce ɗiya mace ta ɗauke shi ta wuce da shi gaba, ni ina nan zaune ina auna yadi? Mi za a ce da ni?”

Nan na gane. Na ce masa, da ƙarfi, a gaban matan da abokinsa da waɗanda suka fara taruwa bakin shago, “Ashe ba don Baba ka yi ba. Maƙaryaci!”

Ban taɓa gaya wa wanda ya girme ni irin wannan kalma ba, kafin ranar ko bayanta. Na ɗauki ambulan na fita.

Maigidana ya dawo a makon. Da ya ji, ya ce shi zai kai fasfon Kano da kansa washegari. Muka je wurin malamar Masar, ta ƙirga kwanaki a yatsunta ta ce in biza ta fito cikin mako biyu za mu samu kwana goma ko fiye kafin ruwan farko, madatsar ruwan ma ba ta cikin duwatsu, ita ko yaushe ana zuwa. Shugabar makaranta ta ce za ta rufe ido ga mako ɗaya in na makara. Abin bai lalace ba tukuna. Na tafi Gulma in gaya wa Baba ya ɗaure kaya.

Na tarar labari ya riga ni. Yaya ya je tun jiya. Baba yana zaune a inuwar rumbu bisa tabarma yana gyaran wata tsohuwar koma, ragar kamun kifi, wadda ba ya ma aiki da ita. Na gaishe shi, na fara bayani. Ya bar ni har na gama. Sannan ya ce, “An ce kin kira yayanki maƙaryaci cikin kasuwa.”

Na ce, “Baba, ƙarya ya yi. Wata uku yana yi mana ƙarya, ni da kai.”

Ya ce, “Na sani. Ya hwaɗa mani da bakinai. Ya yi kuskure.”

Na ce, “To, shi ke nan. Fasfo na hannuna, gobe za a kai Kano.”

Ya girgiza kai. Ya ce, “Ba ni tahiya.”

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ce ba zai hau jirgi ya bar ’ya’yansa biyu ba sa ga maciji da juna. Ya ce in ya tafi yanzu, ya nuna wa duniya ya zaɓi ɗaya ya kunyata ɗaya, kuma wanda za a kunyata shi ne babba, shi zai riƙe gida bayan ransa. Na ce gidan da za a riƙe da ƙarya? Ya ɗago ya dube ni. Na ce, “Baba, shekara sittin kana son ganin wurin nan.” Ya ce, “Duwatsu ba su gudu. Baɗi, in muna da rai.”

Sannan ya faɗi abin da har yau ban manta ba. Ya ce in je in ba Yaya haƙuri.

Na ce, “Ni?”

Ya ce, “Ke ce ƙarama.”

Na yi kuka a gabansa, ba kukan baƙin ciki ba, kukan wanda aka ɗaure wa hannu. Na ce shi fa, wa zai ba haƙuri? Baba ya ce tsakaninsa da ɗansa ne, sun gama. Ya ci gaba da ɗaure zaren komarsa. Na ga ya kasa sa zare a inda yake so, amma bai canja magana ba.

Na je. Umarnin mahaifi ne, na je. Ranar Asabar bayan la’asar, a zauren Yaya, na durƙusa a inda na durƙusa ranar da na kawo ambulan, na ce, “Baba ya ce in ba ka haƙuri. Ka yi haƙuri.” Ya ce, “Ba komi, ya wuce. Ƙuruciya ce.” Ina da shekara talatin da huɗu da ’ya’ya uku. Bai ce shi ma ya yi laifi ba, ko da wasa. Na jira, na ba shi lokaci, ya fara tambayata ko yara sun koma makaranta. Matarsa tana bayan labule, ina jin motsinta. Ban taɓa faɗin sunanta ba, shi kuma na tabbata ya sani, don wata biyu bai ci abincinta da daɗin rai ba, ita ta gaya mini daga baya.

Na koma aji kafin hutuna ya ƙare. Na mayar wa malamar Masar hotonta, na roƙe ta ta rubuta wa mutanen da suka shirya mana ɗaki ta ba su haƙuri. Ta tambaye ni me za ta ce musu. Na ce ta ce tsohon ba shi da lafiya. Ni ma na shiga ƙarya ke nan. A zangon nan darasin duwatsu da kwaruruka ya zo a aji uku, na tsaya gaban allo da alli a hannu na kasa zana komai, na ce su buɗe littafi su karanta.

Baɗin da Baba ya faɗa, da kaka na haihu, ba halin tafiya. Shekarar da ta biyo, malamar Masar ta gama kwangilarta ta koma gida, Baba kuma yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dushewa. Na ce mu tafi a haka, ya yi dariya ya ce, “In je in shahwa dutse da hannu?” Aka yi masa aiki a ido bai yi kyau ba. Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban ƙara ba. Rigar sanyin ya ba wani maƙwabci mai zuwa kamun kifi da asuba.

Ya rasu shekara shida bayan wannan rani, da damina, bayan gajeriyar jinya. Ranar sadakar uku muna zaune a tsakar gida mu mata, maza suna waje ƙarƙashin rumfa, darni kawai ya raba mu. Wani tsoho cikin masu gaisuwa ya tuna, ya ce marigayi dai ya so ya ga ƙasar nan ta duwatsu da mahaifinsa ke faɗi. Sai na ji muryar Yaya, a natse, irin ta babban gida, yana cewa, “Wallahi kuwa. Mun yi shiri mu kai shi, har fasfo munka yi mashi. Allah dai bai nuhwa ba.” Maza suka ce Allahu akbar, Allah ya ba da ladan niyya.

Na miƙe tsaye. Ban san me zan yi ba, na dai nufi ƙofar darni. Matar Yaya ta kama bakin zanena ta riƙe da hannu biyu. Gwaggonmu ta Argungu, ƙanwar Baba, ta ce, “Zauna, ɗiyata. Ba yau ba.” Na zauna. Mata suka ɗauka kukan rashin uba nake, suna ta ba ni haƙuri.

Ranar bakwai, da baƙi suka watse, na same shi shi kaɗai yana naɗe tabarmi a rumfa. Na ce, “Yaya, kada ka ƙara cewa mun yi shiri. Kada ka ƙara sa Allah cikin maganar nan. A akwatinka fasfon suka kwana.”

Ya tsaya da tabarma a hannu ya ce, “Har yanzu ba ki manta ba?”

Na ce, “Har yanzu.”

Ya jingina tabarmar ya shiga gida.

Yau duka mun tsufa. Muna gaisawa, ina zuwa sunan jikokinsa, yana zuwa na nawa, da ya kwanta asibiti ni na kai masa kunu har aka sallame shi. ’Ya’yana sun ce za su kai ni Yaman in ƙasar ta lafa, na ce su bar shi, ba ni ce mai son ganin yadda ake riƙe ruwa ba. Babbar ɗiyata, wadda ta san labarin, takan ce in yafe wa kawunta don Allah. Nakan ce mata ina nan ina ƙoƙari, kuma gaskiya ne, ina yi. Da dai zai buɗe baki sau ɗaya ya ce ya yi ƙarya, da aikin ya yi mini sauƙi. Makon jiya ma ya zo gidana ya sha shayi, muka yi hirar farashin taki da ciwon gwiwa, ya tashi ya tafi.